Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Nazari a kan Harshen Tallan Kwamfutar Kwantam

Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2024, kamfanin Google ya shelanta cewa ya ƙera wata sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Willow, wadda ta kammala wani lissafi cikin ƙasa da minti 5. Ya ce da za a ɗora wannan lissafin a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka fi ƙarfi a doron ƙasa, sai ta shafe shekarun da adadinsu ya kai lamba 1 da sifiri 25 a bayanta. Masana taurari sun ƙiyasta cewa sararin samaniya gaba ɗayansa bai wuce shekara biliyan 13.8 da samuwa ba, ke nan adadin da aka ambata ya fi ƙarfin tunanin ɗan Adam. Jaridu suka ɗauka, gidajen rediyo suka maimaita, hannayen jarin kamfanonin da ke wannan fanni suka yi tashin gwauron zabi. Ƙalilan ne suka tsaya suka tambayi wane irin lissafi ne aka yi. Amsar kuwa tana cikin sanarwar ita kanta, can wajen ƙarshe, inda kamfanin ya amsa cewa gwajin ba shi da wani amfani da aka sani a rayuwar yau da kullum.

Wannan tazara da ke tsakanin kanun labari da sakin layi na ƙarshe ita nake son nazarta. Horon da na samu a jami'a na harshe da adabi ne, saboda haka zan karanta sanarwowin kamfanonin kwamfutar kwantam kamar yadda ake karanta kowane matani: in duba mai magana, da wanda ake maganar dominsa, da kalmar da aka ɗaga da wadda aka danne. Ra'ayina shi ne kimiyyar da ke ƙarƙashin wannan fasaha gaskiya ce, masu yin ta kuma sun cancanci yabo, amma harshen da ake tallata ta da shi kirari ne da aka sanya wa rigar rahoto. Bahaushe ya san kirari. Idan ɗan dambe ya shigo fage yana cika baki, babu mai ɗaukar maganarsa a matsayin labari, domin kowa ya san an jima kaɗan za a gwabza, a ga wanda zai sha ƙasa. Kirarin kamfanoni ya bambanta da wannan ta fuska biyu. Yana zuwa da alƙaluma da sunayen mujallun kimiyya har mai sauraro ya ɗauka hukunci ne aka yanke, sannan kullum ana ɗaga ranar damben.

Gaskiyar da ke ƙasa

Kwamfutar da muka saba da ita, daga wayar hannu har zuwa ta banki, tana aiki da abin da ake kira bit, wato wani ɗan makunni da ko dai yana kunne ko yana kashe, 1 ko 0. Kwamfutar kwantam kuwa tana amfani ne da dokokin da ke tafiyar da ƙananan halittu irin su ƙwayar zarra da ƙwayar haske. Makunninta, wanda ake kira kyubit, yana iya zama cikin wani hali da ya gauraya 1 da 0, kuma ana iya sarƙe kyubit masu yawa ta yadda ba za a iya bayyana halin ɗaya ba sai an haɗa da na sauran. Masanin fiziks Richard Feynman ya kawo shawarar irin wannan na'ura a 1981, bisa hujjar cewa kwamfutar yau da kullum tana gazawa wajen kwaikwayon halayyar waɗannan ƙananan halittu. A 1994 Peter Shor ya nuna a rubuce cewa idan aka samu na'urar, za ta iya gano lambobin da aka ninka aka samar da wata doguwar lamba cikin hanzari. Wahalar wannan lissafi ita ce ginshiƙin makullin RSA, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare sirrin bankuna da intanet. Daga nan ne gwamnatoci suka fara saurare da kunnen basira.

Tun a wannan mataki ake fara karkatar da magana. Masu talla sukan ce na'urar tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda, shi ya sa ta fi sauri. Abin da suke tsallakewa shi ne da zarar an duba kyubit, gaurayen nan ya rushe, amsa ɗaya tak ake samu, ita ma bisa dace. Gwanintar masu lissafi ita ce su jera matakai ta yadda amsoshin banza za su kashe junansu, ta kirki ta yi saura. Ba kowace matsala ce ke karɓar wannan dabara ba. Bayan shekara 30 ana nema, matsalolin da aka ga alamar gagarumar riba a kansu 'yan ƙalilan ne. Scott Aaronson na Jami'ar Texas, wanda yake cikin masu goyon bayan fannin, ya shafe shekaru yana gyara wannan kuskure, amma har yau ana maimaita shi domin ya fi daɗin faɗa.

Ga kuma raunin kyubit. Ɗan ɗumi ko ɗan girgiza ya isa ya ɓata shi. Na'urorin Google da IBM sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Duk da haka kyubit na Willow ba ya riƙe halinsa fiye da kimanin kashi 1 cikin 10,000 na sakan. Na'urorin da suka fi inganci sukan yi kuskure wajen sau ɗaya a kowane mataki 1,000, alhali lissafi irin na Shor yana buƙatar biliyoyin matakai.

Zaɓen abokin tsere

Duk wanda ya ce dokinsa ya fi gudu, sai a tambaye shi da wane doki aka kara, kuma a wane fili. A watan Oktoba na 2019 Google ya buga a mujallar Nature cewa na'urarsa Sycamore mai kyubit 53 ta yi cikin sakan 200 abin da kwamfutar Summit, wadda ta fi kowace ƙarfi a lokacin, za ta yi cikin shekara 10,000. Nan take kamfanin IBM, wanda shi ya ƙera Summit, ya ce kwana biyu da rabi sun isa idan aka yi amfani da ma'ajiyar na'urar yadda ya kamata. A 2022 wasu masana a birnin Beijing, ƙarƙashin jagorancin Pan Zhang, suka yi aikin cikin kimanin awa 15 da ƙwaƙwalen kwamfuta 512 irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa. Shekara 10,000 ta ƙanƙance ta kasa cika kwana guda. Jaridun da suka buga labarin farko da manyan haruffa, kaɗan ne suka waiwayi na biyu.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne babu wanda ya zauna ya jira shekara 10,000 ya auna. Adadin ƙiyasi ne, wanda aka gina a kan dabarar da aka sani a ranar da aka yi shi. Cikakkiyar jimlar tana ɗauke da sharaɗi: idan har ba a gano wata hanya da ta fi wannan ba. A sanarwa sai a sauke sharaɗin, a bar adadin tsirara.

Shi kansa aikin da aka ba Sycamore da Willow ya cancanci bayani. Ana jera wa na'urar matakai barkatai, sai ta riƙa fitar da jerin 1 da 0 bisa dace. Kwatankwacinsa shi ne mutum ya damƙi gero ya watsa a tsakar gida, sannan ya ƙalubalanci kwamfuta ta lissafa inda kowace ƙwaya ta faɗi. Hannu ya gama cikin sakan ɗaya, kwamfuta kuwa za ta sha wuya. Masana suna ganin darajar gwajin domin yana nuna an iya sarrafa na'urar, kuma suna da gaskiya. Amma babu wanda zai ce mai watsa gero ya fi kwamfuta iya lissafi.

Shi ma IBM da ya yi gyaran bai tsira ba. A watan Yuni na 2023 ya buga a Nature cewa na'urarsa Eagle mai kyubit 127 ta nuna alamar amfani na zahiri wajen kwaikwayon halayyar maganaɗisu. Cikin 'yan makonni masana a Cibiyar Flatiron da ke New York suka maimaita lissafin da ƙarfin da bai wuce na kwamfutar tafi-da-gidanka ba, amsarsu kuma ta fi daidai. Kafin wannan, a 2018, wata ɗaliba 'yar shekara 18 mai suna Ewin Tang ta ɗauki wata dabarar kwantam da ake taƙama da ita, ta hasashen kayan da mai saye zai so, ta nuna cewa kwamfutar yau da kullum ma tana iya yin kusan irin saurin. Sau da yawa abin da ake kira fifikon kwantam jinkirin masu tsohuwar kwamfuta ne, waɗanda ba su taɓa damuwa da matsalar ba sai da aka tsokane su.

Ƙidayar kai

Dabara ta biyu ita ce ƙidaya. Kamfanin D-Wave na ƙasar Kanada ya sayar wa Lockheed Martin na'ura mai kyubit 128 a 2011, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 10, ya kuma kira ta kwamfutar kwantam ta farko da ta shiga kasuwa. A 2014 wasu masana, ciki har da Matthias Troyer na birnin Zurich, suka gwada na'urar kamfanin da ta biyo baya, suka buga a mujallar Science cewa ba su ga shaidar ta fi kwamfutar yau da kullum sauri ba a matsalolin da suka gwada. IBM ya fito da Osprey mai kyubit 433 a 2022, sannan Condor mai 1,121 a 2023. Mai karatu da ya saba ganin girman ma'ajiyar wayarsa yana ƙaruwa kowace shekara zai ɗauka abu ɗaya ne ke faruwa.

Sai dai kalmar kyubit tana ɗauke da ma'ana biyu, talla kuma tana cin riba daga ruɗanin. Akwai ɗanyen kyubit, mai yawan kuskure, shi ake ƙirgawa a sanarwa. Akwai kuma gyararren kyubit, wanda ake samu idan an haɗa ɗanyu masu yawa suna tsaron junansu, shi ne ke iya dogon lissafi. A gwajin Willow, ɗanyu kimanin 100 aka haɗa domin a samu gyararre guda ɗaya, shi ma ajiyar bayani kawai ya yi, bai yi lissafi ba. Wanda ya ce yana da dawaki dubu, alhali babu wanda zai iya kai mahayi bakin ƙofar gari bai faɗi ba, bai yi ƙarya a ƙidaya ba. Ya dai bar mai sauraro ya yaudari kansa.

Ma'auni mafi sauƙin fahimta shi ne lissafin Shor, wanda ya jawo hankalin duniya tun farko. A 2001 masanan IBM suka yi amfani da shi suka gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. A 2012 aka kai ga 21. Makullin RSA da ake amfani da shi a yau kuwa lamba ce mai tsawon alƙaluma 617. An sha shelar an karya lambobin da suka fi 21 nesa ba kusa ba, amma idan aka bincika sai a tarar an zaɓo lambobin ne masu wata siffa da ta sauƙaƙa aikin. A 2025 Peter Gutmann na Jami'ar Auckland da wani abokin aikinsa suka rubuta takarda ta barkwanci mai ɗauke da gaskiya, inda suka maimaita irin waɗannan nasarori da wata tsohuwar kwamfutar gida ta 1981, da allon ƙidaya mai 'yan duwatsu, da kare. Karen ya yi haushi sau uku, ga shi kuwa 3 tana raba 15, tana kuma raba 21.

Aron buƙatun jama'a

Dabara ta uku ta fi ba ni takaici, domin tana aron hawayen mutane. Da wuya a karanta tallan kwamfutar kwantam ba a ga an ambaci maganin cutar daji, ko sauyin yanayi, ko yunwa ba. Misalin da aka fi so shi ne takin zamani. Manomi ya san gonar da aka shuka wake ko gyaɗa takan ƙara ƙarfi. Dalili shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar waɗannan tsirrai suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska ba tare da wuta ko injin ba, alhali masana'antun taki suna cinye wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya kafin su yi irin wannan aiki. A 2017 masana daga Zurich da Microsoft suka lissafa yadda kwamfutar kwantam za ta iya taimakawa a fahimci sinadarin da ke wannan aiki. Bincike ne na gaske, kuma yana cikin fagen da Feynman ya hango. Amma ƙiyasin da ya biyo baya ya nuna ana buƙatar miliyoyin ɗanyun kyubit. Ko an samu na'urar, fahimtar sinadari mataki ne na farko a doguwar tafiya kafin buhun taki mai rahusa ya isa hannun manomi. Talla tana haɗiye wannan tafiya duka cikin kalmar “za”.

A fagen kasuwanci da sufuri ma haka abin yake. A 2019 kamfanin Volkswagen ya yi shelar amfani da na'urar D-Wave wajen tsara hanyoyin motocin bas a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Motocin 9 ne, aikin da kwamfutar ofis ba za ta ji nauyinsa ba. A 2023 masana uku, biyu daga cikinsu ma'aikatan Microsoft, suka rubuta maƙalar da ta bambance zuzutawa da abin da zai yiwu. Sun nuna cewa dabarun kwantam masu ƙaramar riba ba za su biya ba, domin kowane mataki na gyararren kyubit ya fi na kwamfutar yau da kullum jinkiri ƙwarai, kuma shigar da bayanai masu yawa cikin na'urar yana da nawa. Wannan ya rushe mafi yawan alkawuran da ake yi wa bankuna da kamfanonin jigila.

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga bakin mai doki. A watan Maris na 2024 Google da gidauniyar XPRIZE suka sanya gasa ta dala miliyan 5, ta tsawon shekara 3, ga duk wanda zai kawo hanyar amfani da kwamfutar kwantam wajen magance wata matsala ta zahiri. Ban ga laifin gasar ba. Amma wanda ya riga ya san amfanin hajarsa ba ya sa tukuici a nemo masa.

Matani biyu a rana ɗaya

Idan ana son ganin tazarar da nake magana a kai ƙuru-ƙuru, sai a dubi Microsoft. Kamfanin ya zaɓi wata hanya dabam, ta gina kyubit a kan wani hali na ƙwayoyin lantarki da ake dangantawa da masanin Italiya Ettore Majorana. Idan aka dace, irin wannan kyubit zai fi sauran juriya. A 2018 wani ɗakin bincike a garin Delft na ƙasar Holan, mai alaƙa da kamfanin, ya buga a Nature cewa ya ga shaidar wannan hali. Wasu masana biyu, Sergey Frolov da Vincent Mourik, suka nemi ɗanyen bayanan gwajin, suka tarar an bar wasu da suka saɓa wa sakamakon. A watan Maris na 2021 aka janye maƙalar.

A watan Fabrairu na 2025 kamfanin ya dawo da shelar wata ƙwaƙwalwa mai suna Majorana 1, ya ce ta buɗe hanyar kyubit miliyan ɗaya, kuma za a ga amfanin abin cikin 'yan shekaru, ba sai an jira gomman shekaru ba. A ranar aka buga wata maƙalar kamfanin a Nature, aka ambace ta cikin sanarwar. Sai dai editocin mujallar sun liƙa bayani a takardun tantance maƙalar, cewa sakamakon da ke cikinta ba shaida ba ne na samuwar wannan hali a na'urorin da aka gwada. Kamfanin ya ce ya samu ƙarin sakamako bayan ya miƙa maƙalar, amma da ya gabatar da shi a taron masana fiziks na Amurka a watan Maris, da dama ba su gamsu ba.

Ga matani biyu daga gida ɗaya. Na farko an rubuta shi domin masana, alƙalai sun tace shi, cike yake da taka-tsantsan. Na biyu an rubuta shi domin 'yan jarida da masu zuba jari, babu mai tace shi sai sashen talla. Na biyun ya jingina da martabar na farko, ya faɗi abin da na farkon bai faɗa ba. A ganina wannan ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, shi kuwa wannan kowace jimla tasa tana da ƙofar tsira idan aka zo tuhuma.

Wane ne ke biyan maroƙi?

A al'adar roƙo, wanda aka wasa shi ke sa hannu a aljihu. A nan kuwa mai sauraro ke biya. Tsakanin 2021 da 2022 kamfanonin IonQ da Rigetti da D-Wave suka shiga kasuwar hannayen jari ta Amurka ta wata gajeriyar hanya, inda ake fara kafa kamfanin da ba shi da sana'a sai tarin kuɗi, daga baya ya haɗe da wanda ake son shigarwa. Wannan hanya ta ba su damar nuna wa jama'a hasashen cinikin da za su yi nan gaba fiye da yadda aka saba. A 2024 cinikin Rigetti bai wuce dala miliyan 11 ba, na D-Wave kuma kimanin miliyan 9, amma darajar kowannensu a kasuwa ta kai biliyoyin daloli. Kaso mai tsoka na wannan ciniki daga gwamnatoci da jami'o'i da ɗakunan bincike yake fitowa, wato masu sayen kwamfutar kwantam domin su nazarci kwamfutar kwantam.

Darajar da aka gina da magana, magana ce ke rushe ta. A watan Janairu na 2025 shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya ce a ganinsa sai nan da shekara 15 zuwa 30 za a samu kwamfutar kwantam mai amfani sosai. Kashegari hannayen jarin waɗannan kamfanoni suka zube da kimanin kashi 40 cikin 100. Babu na'urar da ta lalace a daren, babu gwajin da ya gaza. Bayan wata biyu ya shirya taro ya sassauta maganarsa. Kafin wannan, kamfanin Zapata, wanda ya tsiro daga Jami'ar Harvard, ya shiga kasuwa a Maris na 2024, ya dakatar da aiki a Oktoba na shekarar. A ƙasar Sin, Alibaba ya rufe ɗakin bincikensa na kwantam a 2023 ya ba wata jami'a kayan, Baidu ma ya bi sahu a farkon 2024.

Kuɗin talakawa ma suna ciki. Amurka ta ware kimanin dala biliyan 1.2 a dokar da ta kafa a 2018. Birtaniya ta yi alkawarin fam biliyan 2.5 cikin shekara 10 a 2023. A 2024 gwamnatin Ostareliya da ta jihar Queensland suka amince su zuba dalar ƙasar miliyan 940 a kamfani ɗaya, PsiQuantum, domin ya gina na'ura a Brisbane. Ban ce kada gwamnati ta tallafa wa bincike ba. Amma akwai bambanci tsakanin ba masani kuɗi ya nemo abin da ba a sani ba, da cinikin biri a sama.

Hujjar masu kare su

Adalci ya sa in kawo abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, domin yana da nauyi. Suna cewa kowace babbar fasaha da rarrafe ta fara, kuma ci gaban da ake samu na gaske ne. Haka ne. Ainihin nasarar Willow, wadda adadi mai sifiri 25 ya dishe haskenta, ita ce duk lokacin da aka faɗaɗa rukunin kyubit masu tsaron juna, kuskure yana raguwa da kusan rabi. Masana sun yi kusan shekara 30 suna jiran ganin haka. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa karya makullin RSA zai ci ɗanyun kyubit miliyan 20. A 2025 Gidney ya sauko da adadin zuwa ƙasa da miliyan 1. Saboda irin wannan ne hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sabbin makullai a watan Agusta na 2024, waɗanda ake sa ran za su jure wa kwamfutar kwantam. Wannan shiri ne na hankali, domin mai satar bayani yana iya adana shi yau ya jira ranar buɗewa.

Suna kuma cewa ba don zuzutawa ba, da ba a samu kuɗin binciken ba. A nan ne na rabu da su. Tarihin kimiyya ya nuna abin da kan biyo bayan alkawarin da ba a cika ba. A 1973 rahoton James Lighthill ya auna alkawuran masu binciken basirar na'ura da abin da suka samar, gwamnatin Birtaniya ta janye mafi yawan tallafinta, masu aikin kirki suka sha horon da masu cika baki suka jawo. Sankar Das Sarma na Jami'ar Maryland, wanda ya shafe shekaru yana bincike a fannin kwantam, ya yi irin wannan gargaɗi a 2022. Bashi ake ci da sunan kimiyya, kuma matasan da ke shiga fannin yau su za a bi.

Illar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. Idan manyan kamfanoni suka mai da kalma ta zama laya, ƙananan 'yan damfara sukan tsince ta. A garuruwanmu ana yawo da wata 'yar na'ura mai ɗauke da sunan kwantam, a ba mutum ƙarfe ya riƙe, cikin minti ɗaya a karanto masa ciwon hanta da na ƙoda, sannan a sayar masa da magani. A shafukan sada zumunta ana baza bidiyon bogi na fitattun attajirai suna kiran mutane su zuba kuɗi a wata manhajar kwantam mai ninka riba. Babu ɗayansu da ke da alaƙa da kyubit. Kwarjinin kalmar kawai suka ara, kuma ba su suka gina kwarjinin ba.

Kammalawa

Ban zo da hukuncin cewa kwamfutar kwantam ba za ta yiwu ba. Akwai masana irin su Gil Kalai da ke da wannan ra'ayi, mafi yawa kuma suna ganin za ta yiwu, gwaji ne zai raba gardamarsu. Abin da na tsaya a kai shi ne har zuwa ƙarshen abubuwan da na bibiya a nan, babu kwamfutar kwantam da ta warware wa wani ɗan kasuwa matsalarsa fiye da yadda tsohuwar kwamfuta za ta yi a farashi ɗaya, amma harshen talla yana magana kamar an riga an wuce wurin.

Ma'aunin da ya fi burge ni ya fito ne daga hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA. A 2024 ta ƙaddamar da shirin tantance ko akwai kamfanin da zai iya gina na'urar da darajar aikinta za ta fi kuɗin da aka kashe mata kafin 2033. Ta sa rana, ta sa sharaɗi, ta kuma ce masananta za su duba da idonsu. Mai karatu ma yana iya yin irin wannan da duk sanarwar da ta zo gabansa. Ya tambayi wane aiki aka yi, kuma wa yake buƙatarsa. Ya tambayi da wace kwamfuta aka kara, kuma ko masu ita sun yi iya ƙoƙarinsu. Ya duba ko ɗanyen kyubit ake ƙirgawa ko gyararre, ya kuma nemi abin da maƙalar ta ce, ya ajiye shi kusa da abin da sanarwar ta ce. Waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar digiri a fiziks, karatu a tsanake kawai suke so, irin wanda ɗalibin adabi yake yi kullum. Ranar da na'urar ta amsa su, yabon gwani ya zama dole. Kafin nan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.